Koren Zare a Bayan Dattijo

Ni ne na ba da Dattijo. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, domin ko ban faɗa ba akwai mutum goma a layinmu da za su faɗa maka, kuma su sai sun ƙara gishiri.

Dattijo ba mutum ba ne. Injin kwamfuta ne, irin mai ƙaton akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur, kalarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. In an kunna shi sai ya yi tari sau biyu kafin ya buɗe ido, shi ya sa surukata ta laƙaba masa sunan. Surukar tawa kuwa ita ce Mama Mai Tambari. Duk ɗan makarantar da ka gani a wannan yanki da tambari a aljihun riga, to daga shagonta ya fito. Haka na masu gadi, da na 'yan ƙwallo, da na ma'aikatan gidan mai.

Da keken ƙafa ta fara. Mijinta mai rubuta allunan shaguna ne, shi yake zana tambarin a takarda, ita kuma ta ɗaure yadi a zobe ta yi ta juya shi ƙarƙashin allura har zanen ya fito. Ranar da ta yi ƙoƙari ta ɗinka goma, bayanta kuma ya yi kwana biyu yana ƙorafi. Da wata masaƙa ta rufe, sai suka sayo tsohon keken da ke ɗinka tambari da kansa, mai kai biyu, kowane kai allura tara, tare da injin da ke ba shi umarni, wato Dattijo. Maigidan ya zauna yana shigar da zane-zanensa ciki, ɗinki bayan ɗinki. Ita kuwa da a aji huɗu ta bar makaranta, sai ta jawo kujera ta zauna gefensa tana kallon yatsunsa. Shekara huɗu suka yi a haka Allah ya yi masa rasuwa.

Dangi suka ce ta sayar da keken, mace ina ita ina wannan inji. Ta ce ta ji, ta gode. Washegarin da ta gama zaman makoki ta kunna Dattijo, ya yi tarinsa, ta ci gaba daga inda marigayi ya tsaya. Da wannan keke ta reni 'ya'ya huɗu, har da wadda nake aure. Zanen da ke cikin Dattijo ya kai dubu da ɗari uku, na farkon duk aikin hannun mijinta ne.

Akwai wata ɗabi'a tata da sai ka sani kafin ka gane sauran labarin. Duk abin da Mama ba ta son ya ɓace mata, sai ta ɗaura masa koren zare, ƙulli uku. Tun tana keken ƙafa take yi, don kada yadin wani ya shiga na wani. Daga yadi abin ya wuce kan almakashi, ya wuce kan buta, da lema, da jakar makarantar jikoki. Matata ma duk rigar da ta ɗauko tun ta ƙuruciya, in ka juya wuyanta za ka ga ƙullin nan uku. Ni kam dariya nake yi. Na taɓa ce mata, "Mama, saura ki ɗaura wa inuwarki." Ta ce, "Ita ba ta taɓa ɓace mini ba, Injiniya."

Injiniya take ce mini saboda na taɓa gyara mata fanka, fankar kuma ba ta sake juyawa ba har yau. Magatakarda ne ni a ofis. Shekara takwas ina auren 'yarta, ta sha ɗinke mini maɓalli, ta sha rage mini ƙafar wando, amma ko sau ɗaya ban ga koren zare a kayana ba. Ina cewa ban damu ba. Ƙarya nake yi, na damu ƙwarai.

Sai ga labari ya cika gari: kamfanin da ke ƙera kwamfutocin ya canza musu ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Sababbin da za su fito ba za su gane manhajar tsofaffin ba, tsofaffin kuma an daina yi musu kayan gyara. Layinmu duk masu aiki da kwamfuta ne, don haka ranar ba wanda ya yi aikin kirki. Mai hoto ya fito bakin shagonsa yana ta bambami, wai bara-bara ya sayi tasa, yanzu a ce masa ta zama gawa tana numfashi. Mai buga kati ya ce shi ya san za a rina, dama can haɗa baki suke yi. Mai Hatimi, maƙwabcin Mama na dama, wanda ba ya son a riga shi komai, ya ce shi gobe-goben nan zai rabu da tasa tun tana da daraja, wanda ya tsaya kallon ruwa kwaɗo ya yi masa ƙafa.

Mama tana zaune tana tsinke zaren bayan tambari da ɗan almakashi. Ta ce, "Shi Dattijo an gaya masa ya mutu? Don ni na ga yana aiki."

Babban shagon kwamfuta na bakin titi ya kafa allo: kawo tsohuwa ka ɗauki sabuwa da rangwame. Mutane suka yi ta tururuwa, wasu a ka, wasu a bayan babur. Ni ma abin ya shiga raina. Na ce ga ranar da zan fita kunyar fanka. A makon ne aka kira Mama cewa yayarta ba lafiya, ta tafi jinya kwana uku, ta bar mini makullin shago.

Wallahi ban yi abin da ka ba. Na kawo filashi, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, na kwashe zanen nan dubu da ɗari uku kaf, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Sannan na zare wayoyi, na rungumi Dattijo na kai shi. Na dawo da wata siririya mai sheƙi, ba tari ba ƙara, na goge tebur na ɗora ta, har da ɗan mayafi na rufa mata. Matata ta ce, "Anya ka tambayi Mama?" Na ce ai in an tambaya ba ta zama kyauta ba.

Da Mama ta dawo na yaye mayafin ina washe baki. Ta dubi sabuwar. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tebur, inda ba komai sai shatin ƙura mai kusurwa huɗu. Ta ɗago a hankali.

"Injiniya, ina Dattijo?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ɗaga filashin sama kamar wanda ya ci kofi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "A bayansa akwai wani ɗan abu kamar kwalin ashana, an ɗaure shi da ƙusa biyu. Ka cire?"

Ban ma san da shi ba.

Sai ta zauna ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, wadda ta fi faɗa ciwo. Ɗan abin nan shi ne makullin manhajar ɗinki. In ba shi, manhajar ba ta buɗewa, in ba manhajar, zanen da na kwashe ba abin da zai iya karanta su. Kamfanin da ya yi manhajar ya rufe tun ban auri 'yarta ba. Sabuwar kwamfutar kuma ko bakin da za a soka wayar keken ba ta da shi. Ga shi saura kwana goma a buɗe makarantu, makaranta bakwai suna jiran tambarinsu.

"Zanen babansu yana ciki," ta ce. Iyakar abin da ta ƙara ke nan.

Garin gyaran gira na tsone ido. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce in tashi mu tafi.

A shagon bakin titi suka ce ai tsofaffin ba sa kwana, mota ce ke kwashe su ta kai filin masu fasa na'urori a bayan gari. Muka bi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kwamfutoci ne tsibi-tsibi sun fi tsayin katanga, duk kala ɗaya, duk fasali ɗaya. Maza kusan ashirin suna zaune a rana da guduma, su jawo ɗaya, su fasa, su zare jan ƙarfe da faifan ciki, su jefar da gangar. Kowace guduma ta sauka sai in ji a ƙirjina.

Shugabansu wani ƙaƙƙarfan mutum ne da ake kira Mai Guduma. Ya saurari Mama, ya nuna tsibin da haɓa.

"Mama, ki yi haƙuri. Mota shida ta sauke a makon nan, duk mun cakuɗa. Ko wanda ya ƙera ta ba zai gane taki ba."

"Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka," ta ce. "Ni kuma sana'ata ke nan, neman allura. Nawa yana da koren zare a baya, ƙulli uku."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba. Idonta yana kan hannunsa. Safar hannun da yake sanye da ita ta yage, yatsu biyu a waje, ɗaya da tabon yanka. Ta dubi sauran ma'aikatan, duk haka, wasu ma tsumma suka naɗa. Muka dawo.

Washegari da sassafe na ɗauki hutu a ofis, na ɗauko mata wani tsohon kekenta na hannu da ragowar yadi mai kauri. Ta kafa shi a ƙarƙashin rumfar kwano da ke bakin filin, ta ce kowa ya kawo safar hannunsa da rigarsa. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin guduma ta sauka a kan kowace kwamfuta, a juya bayanta a duba zare. In kuma an ga ɗan abu kamar kwalin ashana a maƙale, ko na waye, a kwance a jefa mata a kwano.

Kafin azahar filin ya canza. Sai ka ji ƙato ya ɗaga murya, "Mama, babu!" sannan guduma ta sauka. Wani ya ce, "Mama, ga kwalin ashana, amma ba zare!" ta ce ya kawo, Allah ya yi albarka. Ni kuma aikina hawa tsibi ina juya akwatuna, da takalmin ofis, ƙura har cikin kunne. Mai Guduma ya tambaye ta, "Wannan ɗanki ne?" Ta ce, "Mijin 'yata ne. Injiniya ne babba." Ma'aikatan nan suka kama, ko'ina na juya Injiniya, Injiniya.

Kwana ɗaya, babu. Kwana biyu, babu. Kwanon Mama ya tara makulli goma sha ɗaya, ba nata a ciki. Da ta ga wasu injuna ƙirar Dattijo sak, sai ta ce a ware mata guda shida a gefe. Na ce, "Mama, me za ki yi da matattun kaya?" Ta ce, "Kai dai juya akwati."

Ranar ta uku da yamma na fara sarewa. Saura kwana bakwai a buɗe makarantu, shugaban wata makarantar ma ya aiko sau biyu. Na sauko daga tsibi na zauna kusa da ita, na ce ta yafe mini, na cuce ta. Ba ta ɗago daga ɗinkin ba, ta ce kuka ba ya juya akwati. A daidai lokacin wani ma'aikaci ya wuce ta gabanmu da baro cike da gangunan da aka riga aka fasa tun kafin zuwanmu, zai kai su wajen awo. Sai na ji keken ya tsaya.

"Kai mai baro! Tsaya nan!"

Ta miƙe, mace mai shekara sittin da wani abu, ta isa baron kafin ni. Ta tura hannu can ƙasa ta taɓa wani abu da ni ban ga komai ba sai datti. Ta tofa yawu a yatsa ta murza. Zaren ya yi baƙi ƙirin da ƙura, amma da ta murza sai kore ya fito. Ƙulli uku, a jikin ragar iska ta baya. Ƙasa da shi kaɗan ga ɗan kwalin ashana, shi ma da nasa zaren, ƙusoshinsa biyu daram.

Filin nan ya kaure da ihu. Maza ashirin suna buga guduma a kan kwano, Mai Guduma yana ta faɗin, "Idon tela! Wallahi idon tela!" Ni kuwa da muka ciro shi sai na ga guduma ta riga ta sauka a gefensa sau ɗaya, ta lotsa shi. Sa'ar da aka yi, wanda ya fara fasa shi ranar an kira shi cin abinci, ya jefa shi cikin waɗanda aka gama bai zare komai ba.

Muka kwaso shi da 'yan'uwansa shida a kura, Mama tana tafe a gefe da kwanonta a ka. Da muka shigo layi kowa ya fito kallo. Mai Hatimi ya ce, "Mama, mutane na fitar da shara ke kina shigo da ita?" Ta ce, "Sannu da hutawa, maƙwabci."

Mai gyaran kwamfuta na ƙarshen layi ya buɗe Dattijo ya girgiza kai, ya ce babban faifan ya tsage, kuma ba a sayar da irinsa yanzu ko'ina. Mama ta nuna masa shidan nan da ke jere a bakin ƙofa, ta ce ya zaɓa. Sai a lokacin na gane. Ya ciro na ɗaya bai yi ba, ya ciro faifan na biyu ya saka, ya mayar da ma'ajiyar bayanan Dattijo da makullinsa, ya haɗa waya. Muka matso kusa, ni da Mama da matata. Ya danna.

Tari ɗaya. Tari biyu.

Matata ta saki guɗa. Mama ta jawo kujerarta, ta buɗe manhajar, ta gangara can ƙasa zuwa zane na ɗaya. Wani ɗan tsuntsu ne riƙe da alƙalami a baki, tambarin wata makaranta da ta daɗe da rufewa, shi ne farkon abin da mijinta ya shigar. Ta ɗaure ƙyalle a zobe ta tura wa keken. Allurai suka fara rawa, tsuntsun ya fito fiffike bayan fiffike. Mama ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba, mu ma muka taya ta. Sannan ta share ido ta ce a miƙo mata yadin makarantar farko, lokaci na tafiya. Ana saura kwana ɗaya muka kai na bakwai.

Ba a yi wata guda ba sai ga Mai Hatimi ya shigo yana sosa ƙeya. Sabuwar kwamfutarsa ta ƙi magana da injin yankan hatimi, kuma an ce masa wai akwai wani ɗan abu a bayan tsohuwar. Mama ta sauko da kwanonta daga kan kantar shago ta ajiye masa a gaba.

"Duba cikin sharar, ko akwai naka."

Akwai kuwa. Ta ba shi, ta haɗa masa da ɗaya daga cikin 'yan'uwan Dattijo. Ya yi ta godiya, ta ce ba komai, amma ya riƙa gaishe da shara in ya gan ta. Bayansa mai buga kati ya zo, shi ma ya sami nasa. Mai hoto ya zo da tsofaffin hotunan bikin mutane da sabuwarsa ta ƙi buɗewa, aka buɗe masa a nan. Labari ya bazu har wasu unguwanni, mutanen da ba mu taɓa gani ba suna sallama suna tambayar matar da ke da kwanon makullai. Daga sha ɗaya saura biyu. Ma'aikatan filin kuwa yanzu duk da rigunansu masu tambarin guduma a ƙirji, kuma har gobe in sun ga kwalin ashana sai su aiko mata. Mai Hatimi da kansa ya riƙa gaya wa mutane cewa da tsohuwar zuma ake magani, kamar ba shi ne ya fara kai tasa ba.

Kada ka ɗauka Mama ta ƙi zamani. Ta san Dattijo ba zai dawwama ba. Ta sa mai gyara ya binciko hanya, ya gano cewa tsohuwar manhajar za ta iya fitar da kowane zane a sigar da sabuwar kwamfuta ke ganewa, ya kuma samo wata 'yar waya da ke haɗa sabuwar da keken. Matsalar ita ce ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma kowanne sai an ɗinka gwaji an gani. Mama ta juyo ta dube ni.

"Ai muna da Injiniya."

Kowace Asabar ina shagon, shekara guda da wata biyu. Ina buɗewa, ina fitarwa, ita tana duba ɗinkin da ɗan almakashinta, in allura ta kauce ko da tsinin gashi ne ta ce a sake. A nan na san wane zane ne na marigayi, wane ne nata, domin shi yana son kusurwa, ita tana son lanƙwasa. Ranar da muka gama na dubu da ɗari uku, ta yanko koren zare, ta zagaya bayan siririyar nan mai sheƙi, ta ɗaura mata ƙulli uku. Ta ce, "To, yanzu kin zama 'yar gida." Dattijo ta rufa masa mayafin da na taɓa rufa wa sabuwar, amma duk ranar Litinin tana kunna shi ya yi tarinsa.

A ranar, da zan koma gida, ta miƙo mini wata rigar ofis da na bar mata tun makon jiya saboda maɓallin hannu ya cire. Na karɓa na yi godiya. Ranar Litinin da safe ina shirin fita, na ɗauko rigar zan saka, sai na ji wani abu ya ɗan soke ni a ƙeya. Na cire na juya wuyan.

Na daɗe a tsaye a tsakar ɗaki, har matata ta leƙo ta ce zan makara. Da ta ga abin da nake kallo sai ta yi murmushi, ta ce in yi maza in saka kafin Mama ta canza shawara.